Rariyar da ba ta da huda

Wanga rubutu bashi ne nake biya. Duk wanda ya saba zuwa zaman ƙungiyarmu ya san bakina: kullum ni ne mai cewa babu abin da Faransanci zai faɗa wanda Hausa za ta kasa faɗi. To, wani dare abokin ɗakina, wanda ke karatun fizik, ya gaji da ni. Ya zaro wasu takardu na fotokopi daga jakarsa ya jefo mini a kan katifa, ya ce, "Gwanin harshe, bismilla. Faɗi wannan da Hausa, ta yadda inna za ta gane." Maƙala ce a kan yadda masana ke amfani da nutron su binciki halin iskar haidrojin cikin siraran ƙarafa. Na karanta kan maganar sau uku, na ce barci nake ji. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Da hutu ya zo na tafi da takardun gida Dakoro, na yi ta fama da su. A nan na gane cewa fassara kalma bayan kalma ba za ta kai ni ko'ina ba. Kowace kalma da ke cikin maƙalar wani mutum ne ya raɗa ta a wata shekara, wani lokaci bayan ya ga abu da idonsa, wani lokaci kuma tun bai gani ba, ya raɗa suna a kan zato. Sai na bi tarihin kalmomin, shi kuma ya ja ni cikin tarihin binciken kansa. Tambayar da ke ƙasan komi gajera ce: idan haidrojin ya shige cikin ƙarfe, ina yake zama? An yi shekara 91 ana jiran amsar da ido ya tabbatar.

Bari in fara da abin da muka sani a gida. Tame na tankaɗe gari yana aiki ne da girman huda: mai laushi ya wuce, tsaki ya tsaya. Randar ƙasa ma haka, tana da ƙananan kafofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu, shi ya sa take sanyaya shi. Amma akwai wata rariya da masana ke yi da ƙarfe mai suna faladiyam, wadda ake lallasa shi ya zama tantani, wani lokaci bai kai kaurin gashin kai ba. Ba ta da huda ko ɗaya. In ka turo mata gaurayen iska mai zafi, haidrojin kaɗai ke fitowa ta ɗaya gefen, tsantsa, sauran su tsaya. Ko iskar heliyam, wadda ƙwayarta ƴar mitsitsiya ce, ba ta wucewa. Ke nan girma ba shi ne sirrin ba.

Shi kansa sunan haidrojin bashi ne a bakinmu, kuma mun ci shi hannu biyu. Ƴan uwanmu na Najeriya suna cewa haidrojin, bin Ingilishi. Mu da muka bi ta lakwal muna cewa idrojen, bin Faransanci. Henry Cavendish ne ya fara bayyana wannan iska a Ingila a 1766, ya kira ta iska mai kamawa da wuta. Daga baya Lavoisier na Faransa ya ba ta sunan da ya ɗore, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "mai haifar da ruwa", don in ta ƙone ruwa take zama. Jamusawa ba su ari kalmar ba, suka fassara ta da nasu harshe suka ce Wasserstoff, wato sinadarin ruwa. Na so in ce ga darasi gare mu, amma abokina ya tuna mini cewa Jamusawan suna da ɗakunan gwaji lokacin da suke raɗa sunan. Na yi shiru. Faladiyam kuma William Wollaston ne ya gano shi a London a farkon ƙarni na 19, ya sa masa sunan Pallas, wani dutsen sararin sama da aka hango a 1802. A 1803 ya fitar da shi kasuwa ba tare da ya bayyana kansa ba, ana tallarsa da sunan "sabuwar azurfa".

Mutumin da ya haɗa waɗannan biyu shi ne Thomas Graham, ɗan Sikotland, wanda tun 1855 yake shugabantar gidan buga kuɗin Ingila. Kafin shi, a 1863, Deville da Troost na Faransa sun lura haidrojin na ratsa ƙarfe da filatinam idan sun yi ja da zafi. Graham ya gwada faladiyam, a 1866 ya ba da rahoto mai ban mamaki: wannan ƙarfe yana shanye haidrojin ninki ɗaruruwa na girman jikinsa, lissafin da ya kai wajen ninki 900, kuma bututunsa mai zafi yana tace haidrojin daga cikin sauran iska. Ku ƙiyasta tiya ɗaya ta shanye tiya 900, tana nan kusan yadda take.

Graham gwanin raɗa suna ne, shi ya sa na ƙaunace shi. Kalmar dialysis, wadda a yau ake kiran wankin ƙoda da ita a asibitocin duniya, daga bakinsa ta fito. Shanyewar da ƙarfe ke yi wa iska ya kira ta occlusion, daga Latin, wato kullewa a ciki. Amma a 1869, shekarar da ya rasu, ya yi wani raɗin suna da ya zarce iliminsa. Ya yi zaton haidrojin da ke cikin faladiyam ya daskare ya zama ƙarfe shi ma, don haka abin da ke hannunsa gaurayen ƙarafa biyu ne, kamar yadda maƙera ke gauraya jan ƙarfe da wani su sami tagulla. Ya sa wa wannan ƙarfe na zato suna hydrogenium, ya liƙa masa wutsiyar da ake liƙa wa sunayen ƙarafa. Sunan ya yi kyau a kunne, amma ba shi da mai shi. Ban ga laifin Graham ba, don ba shi da abin da zai leƙa ciki da shi. Yana da sikeli, yana da ma'aunin iska, ya san nawa ya shiga, nawa ya fita. Abin da ke faruwa tsakanin shiga da fita kuwa, sai dai hasashe.

Shekara shida bayan haka, a 1875, William Johnson ya nuna ɗaya fuskar al'amarin. Ya tsoma wayar ƙarfe cikin asid na ɗan lokaci, ya ga wayar da a da take jure lanƙwasa yanzu nan da nan take karyewa. In kuma aka bar ta ta huta ko aka ɗumama ta, sai taurin zuciyarta ya dawo. Ya ɗora laifin a kan haidrojin da ya shige ta. Da na karanta wannan sai na tuna kawuna mai walda a nan Dakoro, mai gyaran amalanke da ƙofofi. Da damina ba ya barin sandunan walda a ƙasa; cikin gwangwani mai murfi yake adana su, in ya ji sun yi sanyi ya kanga su kusa da wuta. Yakan ce sandar da ta sha raɓa maciya amana ce: ɗinkin zai yi kyau yau, gobe ko jibi ka ga ya tsage ba wanda ya taɓa shi. Gaskiyarsa. Wutar walda tana fasa danshin, haidrojin ya narke cikin ruwan ƙarfen, in ya huce ya kulle shi a ciki, daga nan ya yi ta rarrafe yana taruwa inda ƙarfen ke cikin matsi har ya buɗe tsaga. Kawu bai taɓa jin sunan Johnson ba, amma magani iri ɗaya suke bayarwa. Na faɗa masa haka, ya ce to Baturen ya yi ƙoƙari.

Alama ta farko game da abin da ke gudana a ciki ta zo ne daga lissafi. Adolf Sieverts na Jamus ya daɗe yana auna yadda iska ke narkewa cikin ƙarafa, kuma ƙa'idar da ake kira da sunansa tun wajen 1929 tana cewa: in kana son haidrojin da ke cikin ƙarfe ya ninka biyu, sai ka ninka matsin iskar sau huɗu. Mi ya sa huɗu? Don haidrojin a cikin iska tagwaye ne, ƙwayoyin zarra biyu riƙe da juna. Fuskar faladiyam tana raba tagwayen, kowane ya shiga shi kaɗai, ya ratsa, a ɗaya gefen ya sami wani su sake haɗuwa su tashi. Sauran iskoki ba su da wannan hanya ta shiga, shi ya sa suke tsayawa a ƙofa. Ga sirrin rariyar ke nan, amma har yanzu da sauran magana: a cikin ƙarfen, ina gurbinsa?

Kuna iya cewa ai akwai hasken eks, wanda mu nan muke kira radiyo idan an je likita ɗaukar hoton ƙashi. Tun shekarun 1910 ake amfani da shi a gano yadda ƙwayoyin zarra suka jeru cikin daskararrun abubuwa, kuma a shekarun 1920 ya nuna cewa jeren faladiyam yana buɗewa idan ya sha haidrojin. Matsalar ita ce hasken eks lantarkin da ke kewaye da ƙwaya yake gani, wato elektron. Faladiyam na da 46, haidrojin na da ɗaya tak. Kamar a ce ka saurari raɗar yaro a tsakiyar makaɗan kokowa. Ana ganin ɗaki ya kumbura, ba a ganin baƙon da ya kumbura shi.

Sai 1932 James Chadwick ya gano nutron a Kambirij. Ƙwaya ce da ke zaune a cibiyar zarra, ba ta da cajin lantarki ko kaɗan, nauyinta kuma kusan daidai da na cibiyar haidrojin. Rashin cajin ya sa take ratsa ƙarfe ba tare da elektron sun dame ta ba, sai ta yi karo da cibiya take kaucewa. Kuma abin sa'a, cibiyar haidrojin na cikin waɗanda suka fi kowa watsa nutron. Ma'aunin da ake auna wannan da shi ana kiransa barn, kalmar Ingilishi mai nufin rumbu. Masanan Amurka ne suka raɗa ta cikin raha lokacin yaƙin duniya na biyu, wai a wurin nutron cibiyar zarra ƙatuwa ce kamar rumbu, ba a jifa a kuskure. Haidrojin na da wajen rumbu 80, faladiyam ƴan ƙalilan. A idon nutron ke nan, yaron nan mai raɗa shi ne ya fi kowa murya.

Amma samun nutron masu yawa sai da murhun nukiliya, kuma ba don neman haidrojin aka gina murhun farko ba, don bam aka gina shi. Na Enrico Fermi ya kama aiki a Cikago ranar 2 ga Disamba 1942, na Oak Ridge ya biyo baya a Nuwamba 1943, kuma kaso mai yawa na yuraniyam ɗin wancan shiri daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango ya fito. Tun daga tushe ƙasar Afirka na cikin labarin, a matsayin wurin da ake haƙa rami. Ernest Wollan, wanda ya halarci kunna murhun Cikago, shi ya fara ɓula hanya a bangon murhun Oak Ridge ya fitar da zaren nutron ya haska kan abubuwa. A 1946 Clifford Shull ya zo ya same shi. Dabarar ita ce, nutron da aka rage wa gudu yana tafiya kamar igiyar ruwa, tsawon igiyar kuma ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra. In ya faɗa kan jere mai tsari, sai ya watsu zuwa wasu kusurwoyi na musamman, daga kusurwoyin a lissafo jeren.

A 1957 aka buga sakamakon Worsham da Wilkinson da Shull a kan faladiyam. A jeren wannan ƙarfe akwai gurabu iri biyu a tsakanin ƙwayoyi: ƙanana masu maƙwabta huɗu, da manya masu maƙwabta shida. Nutron ya nuna haidrojin a cikin masu shida yake zama, ɗaya-ɗaya, kuma ba ya cika su duka. A yanayin da aka saba, kamar shida zuwa bakwai cikin kowane goma ne ke da mai shi, sauran fanko. Babu wani ƙarfen hydrogenium da ya daskare. Baƙo ne da ke zama a sararin da masu gida suka bari.

A wannan shekara ta 1957 ɗin dai, masu binciken ma'adinai na Faransa da ke neman jan ƙarfe a Azelik, can wajen Ingal, suka ci karo da yuraniyam. Azelik kuwa ita ce ake ganin tsohuwar Takedda, garin jan ƙarfe da Ibn Battuta ya ziyarta a 1353. Ba ina cewa akwai alaƙa tsakanin abubuwan biyu ba, dacewar shekara ce kawai, amma ta tsaya mini a rai. An kafa Somaïr a 1968, ta fara fitar da yuraniyam a Arlit a 1971. Cominak ta fara a 1978, aka rufe ta a ƙarshen Maris 2021. Ba na jin akwai unguwa a Dakoro da ba ta san wani da ya je Arlit neman aiki ba.

Mu koma kan haidrojin. Sanin gurbi rabin amsa ne, don rariya da tafiya take aiki. A nan aikin Bertram Brockhouse ya shigo. A Chalk River ta Kanada, cikin shekarun 1950, ya ƙera na'urar da ke auna ƙarfin gudun nutron kafin karo da bayan karo, ban da kusurwar da ya bi. In nutron ya bugi abin da ke tsaye cak, zai fito da ƙarfinsa yadda ya shiga. In ya bugi abin da ke motsi, zai ɗan ƙaru ko ya ɗan ragu. Daga yawan wannan ɗan bambanci, da yadda yake sauyawa daga kusurwa zuwa kusurwa, ana iya sanin tsawon tsallen da ƙwaya ke yi da tsawon zaman da take yi kafin ta sake tsalle. Chudley da Elliott sun tsara lissafin a 1961, sa'an nan a 1967 Sköld da Nelin, a cibiyar Studsvik ta Suwidin, suka gwada shi a kan haidrojin cikin faladiyam.

Wanda ya taɓa zama wurin ƴan dara a gindin bedi zai gane abin da suka gani. Gurabu ne a jere cikin rairayi, ɗa yana zaune a ɗaya, sai ya yi tsalle zuwa na kusa in babu kowa a ciki. Haka haidrojin ke yi, daga gurbi mai maƙwabta shida zuwa wani irinsa, sai dai babu mai wasa, babu dabara, ko'ina ya samu faɗawa yake. Tsawon tsallen: ka raba milimita ɗaya gida miliyan, ka ɗauki kamar rubu'in kashi ɗaya. Yawan tsallen kuwa ya kai biliyoyi a sakan guda ko da a zafin ɗaki, in an ƙara wuta ya ƙaru ƙwarai. Tunda gefe ɗaya na tantanin cike yake, ɗayan kuma ana kwashewa, tsallen ganganci ya zama tafiya mai alƙibla. A 1994 aka ba Shull da Brockhouse kyautar Nobel. Wollan ya rasu tun 1984, kuma ba a ba mamaci.

Akwai wata dabara da ta burge ni. Haidrojin na da ƙane mai nauyi, diyuteriyam, wanda Harold Urey ya gano a 1931. Halinsu ɗaya a wajen sinadari, amma nutron na ganinsu daban. Haidrojin na watsa nutron ta ko'ina kamar hazo, abin da ya dace da auna motsi amma yake ɓata hoton jere. Diyuteriyam kuma hoto tas yake bayarwa. Don haka mai neman gurbi yakan sa diyuteriyam, mai neman tsalle ya sa haidrojin. Mu masu nazarin harshe mun san wannan: ka sauya sauti ɗaya ka bar sauran, kamar bari da ɓari, ka ga abin da ya canza. Wannan haɗi na faladiyam da diyuteriyam shi ne ya tada ƙura a Maris 1989, da Fleischmann da Pons suka shelanta a Utah cewa sun sami makamashin nukiliya cikin kwalba. Ɗakunan gwaji suka yi ta maimaitawa ba su sami abin da aka ce ba, kuma ɗaya daga cikin manyan hujjojin da suka kada maganar shi ne ba a ga nutron ɗin da ya kamata su fito ba.

To mi ya kawo gauraye cikin kan maƙalar abokina? Tsantsar faladiyam na da ciwo. Ƙasa da zafin digiri 300 ko kusa da haka, haidrojin ba ya bazuwa daidai a cikinsa. Wani yanki ya cika ya kumbura da wajen kashi 10 cikin 100, yankin da ke jikinsa bai kumbura ba. A zafafa a huce, a zafafa a huce, sai tantanin ya yamutse ya tsage, kamar daɓen da ya sha ruwa ya sha rana. A 1956 J. B. Hunter ya yi rajistar maganin a Amurka: a gauraya shi da azurfa. Da kamar kashi 23 cikin 100 na azurfa, rabuwar nan ba ta faruwa a yanayin aiki, haidrojin ma ya fi wucewa. "Sabuwar azurfa" ta Wollaston sai da ta nemi taimakon tsohuwar. An kuma gwada gauraye da jan ƙarfe, wanda ya fi jure iskar farar wuta mai kashe fuskar faladiyam. Sai dai a cikin gauraye gurabu ba iri ɗaya ba ne kuma: wani maƙwabtansa duk faladiyam, wani da azurfa biyu ko uku a ciki, kuma haidrojin na da zaɓi. Gano wane gurbi yake so, da inda yake maƙalewa ya daɗe, shi ne aikin da ake kai wa nutron har yau.

Ciwo na biyu shi ne tsada. Rasha da Afirka ta Kudu ne ke haƙo mafi yawan faladiyam, kuma a Maris 2022 farashinsa ya haura dala 3,000 kowane oza. Shi ya sa ido ya koma kan banadiyam da niyobiyam da tantalam, waɗanda haidrojin ke ratsa su da sauri fiye da faladiyam, a cikinsu kuma gurabu masu maƙwabta huɗu yake bi. Aibinsu shi ne haɗama: suna shan haidrojin fiye da kima su zama kamar kasko, abin da Johnson ya gani a wayarsa. Ana gauraya su da wasu ƙarafa don a rage musu sha, a shafa musu faladiyam siriri a fuska don ya raba tagwayen. Niyobiyam kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Daga dutsen kolumbait ake samunsa, wanda ke fitowa tare da kuza a tsaunukan Jos, kuma a shekarun 1950 Najeriya ce ke ba duniya mafi yawansa, lokacin da Amurka ke tara shi don injinan jiragen sama. Leburorin kuza da yawa Hausawa ne ƴan ci-rani. Yau Barazil ce ke riƙe da kasuwar.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu? Buhun takin ure da manomi ke nema da damina, da haidrojin aka yi shi, don sai an haɗa shi da naitrojin a sami amoniya. Mafi yawan haidrojin na masana'antu daga iskar gas ake fitar da shi, a gauraye da wasu iskoki, dole a tace. Gaskiya manyan masana'antu da wasu hanyoyi masu sauƙin kuɗi suka fi tacewa. Rariyar faladiyam an fi kai ta inda ake son tsantsa ta ƙarshe, kamar wajen ƙera kayan lantarki. Amma in aka sami gaurayen da ba ya tsagewa kuma ba shi da tsada, lissafin zai sauya. Kuma maganar ta matso kusa da mu: a ƙauyen Bourakébougou na Mali, a 1987, masu haƙar rijiya suka faɗa kan iskar da ta kama da wuta, aka toshe ramin, da aka sake buɗe shi aka tarar kusan tsantsar haidrojin ce, tun 2012 aka fara kunna injin lantarki da ita.

Ina ake yin irin wannan bincike? Babbar cibiyar ita ce ta Laue-Langevin a Grenoble, wadda Faransa da Jamus suka kafa a 1967, murhunta ya kama a 1971, shekarar da Arlit ta fara fitar da kaya. Ƙarfinsa megawat 58. Mafi kusa da mu shi ne na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda ya fara aiki a 2004, ƙirar Sin, mai ƙarfin kilowat 30. Na Grenoble ya ninka shi kusan sau 2,000. Na Zariya yana da amfaninsa, ana haska ƙasa ko dutse ko abinci da nutron a gano sinadaran da ke ciki, kuma a 2018 an sauya masa makamashi aka mayar da tsohon zuwa Sin. Amma ba a gina shi don bin sawun tsallen haidrojin ba. Wanda ke son watsa nutron da gaske a wannan nahiya sai ya dubi wurare irin SAFARI-1 na Afirka ta Kudu, mai megawat 20, da ke aiki tun 1965. Mu da muka yi shekara 50 muna loda yuraniyam a mota, ba mu da murhun bincike ko na kilowat ɗaya. Abokina in ya ci gaba a wannan fanni, sai da biza.

Ina rubuta wannan ina tuna Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fizik da ya jagoranci binciken hasken rana a Yamai, wanda jami'ar can ke ɗauke da sunansa tun 1992. Shi ne kuma ya wallafa littafi a kan ilimi a Afirka a 1964, inda ya kare koyarwa da harsunan gida. Mutum ɗaya ya riƙe duka biyun, ɗakin gwaji da harshe. Mu an raba mu: ni aka ba ni harshe, abokin ɗakina aka ba shi lissafi, muna kwana ɗaki ɗaya muna yi wa juna dariya.

Da muka koma makaranta na karanta masa abin da na rubuta. Ya yarda da tantani, ya yarda da gurbi da tsalle, ya ce darar ma ta fi misalin da malaminsu ya ba su. Ya gyara mini wuri biyu da na yi kuskuren lissafi. A kan nutron muka tsaya. Shi ya ce a kira shi ɗan ba-ruwanmu, tunda ba ya gefen kowane caji. Na ce sunan ya yi tsawo, kuma wanda ya fi kowa tona asirin haidrojin ba za a ce ba ruwansa ba. Ya ce to in kawo nawa. Har yau ban kawo ba, shi ya sa kuka ga nutron tun daga sama har ƙasa. Inna kuwa na karanta mata rabi kafin in baro gida, ta ce ta gane randa da tame, ta gane sandunan ƙanenta, amma wanga baƙo da ke zama a ɗakin mutane har ya tsaga bango, a bar kiransa baƙo.